Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙasashen Afirka ta Yamma: Kada Ku Karɓi Mutumin da Ba a Ji Ta Bakinsa Ba

Ya ku masu girma shugabanni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙo.

Na ɗauki alƙalami ne a kan wani lebura wanda ba ɗan ƙasar ko ɗayanku ba ne, ba shi da uwa ko uba ko aboki a nahiyar nan, harshensa na gado ma Sifaniyanci ne. Sunansa Kilmar Abrego Garcia. Kuna iya cewa mene ne namu a ciki. Ga naku a ciki: tsakanin Agusta da Oktoban 2025, gwamnatin Amurka ta ambaci ƙasashen Afirka har huɗu, ɗaya bayan ɗaya, a matsayin inda za ta kai shi ta ajiye: Yuganda, Eswatini, Ghana da Laberiya. Biyun ƙarshe suna zaune tare da ku a teburin ECOWAS. Tunda an sa sunayenku a takardun shari'arsa, ya kamata ku san yadda abin ya faro.

An haife shi a El Salvador a 1995. Mahaifiyarsa tana sana'ar wainar masara da suke kira pupusa, sai 'yan dabar Barrio 18 suka sa gidan a gaba, suna karɓar kuɗi, suna barazanar jan yaran gidan cikin daba. Yana da shekara 16 ko kusa da haka ya tsallaka Amurka ba da takarda ba. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma babu wanda ya musa shi. Ya zauna a jihar Maryland yana aikin ƙarfi a wuraren gini.

A watan Maris na 2019 'yan sanda suka kama shi tare da wasu mutum uku a harabar shagon kayan gini na Home Depot da ke Hyattsville, inda leburori kan tsaya da safe suna jiran mai ɗaukar aikin yini. Ba a tuhume shi da wani laifi ba. Amma aka rubuta a takarda cewa ɗan dabar MS-13 ne. Hujjar? Hular ƙungiyar ƙwallon kwando ta Chicago Bulls da rigar sanyin da ya sa, sai maganar wani mai tsegunta wa 'yan sanda wanda ba a bayyana ba, wanda ya ce yana cikin wani reshen daba da ke New York, jihar da lauyoyinsa suka ce bai taɓa zama a cikinta ba. Irin hular nan ce da ake tsinta a tulin gwanjo a kowace kasuwar Arewa, ranku ya daɗe. A kan wannan takarda aka hana shi beli. Sai dai da aka zauna aka saurari shari'arsa baki ɗaya, a ranar 10 ga Oktoban 2019, alƙalin shige da fice ya yanke cewa duk da ya makara wajen neman mafaka, doka ta hana a mayar da shi El Salvador, domin akwai yiwuwar 'yan dabar da ya gudar wa su cutar da shi. Gwamnatin lokacin, wadda ita ma ta Donald Trump ce, ba ta ɗaukaka ƙara ba. Aka sake shi, aka ba shi izinin aiki, yana zuwa ofishin hukumar shige da fice ta ICE duk shekara yana nuna kansa. Yana da mata 'yar Amurka da ɗa mai lalura ta musamman, ya shiga ƙungiyar ƙwadago, yana koyon aikin ƙirar falankin ƙarfe.

Ranar 12 ga Maris na 2025 jami'an ICE suka tare shi a hanya, ɗansa mai shekara biyar yana cikin motar. Kwana uku bayan haka yana cikin jirgi, an nufi da shi ƙasa ɗaya tilo a duniya da alƙali ya ce kada a kai shi. Ba gida aka kai shi ba. Kurkukun CECOT aka kai shi, wanda Shugaba Nayib Bukele ya gina don 'yan daba, mai ɗaukar mutum 40,000, inda ba ziyara ba lauya. Amurka ta amince ta biya El Salvador kimanin dala miliyan 6 don ta riƙe mutanen da aka kai mata. Matarsa ba ta samu wasiƙa ba. A hotunan da gwamnatin El Salvador ta watsa na fursunoni an aske su an sunkuyar da kawunansu ta gane mijinta, ta zanen jikinsa da tabon da ke kansa.

A tsakanin kamu da tashin jirgi babu wanda ya kai shi gaban alƙali. Da an kai shi, shari'ar ba za ta ci minti goma ba. Lauya zai miƙa takardar 2019, alƙali ya karanta, magana ta ƙare. Dukan tashin hankalin da ya biyo baya, har zuwa Kotun Ƙoli, daga tsallake wannan zama ɗaya ya fito.

Gwamnatin da kanta ta amsa a rubuce cewa kuskuren ofis ne. Lauyanta, Erez Reuveni, ya tsaya a gaban kotu ya ce bai kamata a fitar da mutumin ba. Ladan gaskiyarsa shi ne dakatarwa, sannan kora. Ranar 4 ga Afrilu Mai Shari'a Paula Xinis ta ba da umarnin a dawo da shi. Ranar 10 ga Afrilu Kotun Ƙoli, ba tare da an ji alƙali ko ɗaya ya saɓa ba, ta ce dole gwamnati ta yi abin da zai sa a sake shi, a kuma ci gaba da shari'arsa kamar ba a taɓa fitar da shi ba.

A nan nake roƙon ku dakata ku duba da kyau, domin nan ne inda ake son a yi amfani da ku. Kwana huɗu bayan hukuncin Kotun Ƙoli, Bukele yana zaune a Fadar White House kusa da Trump. Ministar shari'ar Amurka ta lokacin, Pam Bondi, ta ce mayar da mutumin yana hannun El Salvador. Aka juya ga Bukele, ya ce ta yaya zai yi fasa-ƙwaurin ɗan ta'adda zuwa Amurka, ba shi da wannan iko. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya ya biya kuɗi a tsare, ɗaya ya karɓi kuɗi ya tsare, kowanne yana cewa makullin ba ya hannunsa. Daga baya a wata hira da gidan talabijin na ABC aka tambayi Trump ko ba zai iya ɗaga waya ya sa a dawo da shi ba, ya ce zai iya. Ita kuwa El Salvador, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambaye ta game da 'yan Venezuela da aka kai wannan kurkuku a rana ɗaya da shi, sai ta amsa cewa alhakinsu a shari'ance yana wuyan waɗanda suka aiko su. Dabarar ke nan: a fitar da mutum da gaggawa zuwa inda hannun alƙali ba ya kaiwa, sannan a buɗe tafi a ce wa alƙali yanzu kuma ya za mu yi? Mai Shari'a Harvie Wilkinson na kotun ɗaukaka ƙara, dattijon da Ronald Reagan ya naɗa, wanda ba wanda zai kira shi ɗan adawa, ya rubuta cewa gwamnati tana iƙirarin tana da ikon jibge mazauna ƙasar a kurkukun ƙasashen waje ba tare da ko inuwar shari'a ba, kuma ya tambaya, in aka bar wannan yau, me zai hana gobe a yi wa 'yan ƙasa?

Dabarar ba ta aiki sai da mai karɓa. Bahaushe ya san ɓarawon zaune: bai haura katangar kowa ba, bai fasa shagon kowa ba, amma ba don ɗakinsa da ake sauke kaya ba, da sata ba ta yi riba ba. Ƙasar da ta buɗe filin jirginta ga mutumin da aka hana shi ganin alƙali, wannan kujera ta hau, ko ta sa wa abin suna jinƙai ko zumuncin Afirka.

Ba ina cewa Abrego Garcia waliyyi ba ne. Matarsa ta taɓa neman kariyar kotu daga gare shi, ko da yake daga baya ta ce sun sasanta, kuma ita ce ta tsaya a gaba wajen neman a dawo da shi. Da aka dawo da shi ranar 6 ga Yuni, bayan kusan wata uku, kai tsaye aka wuce da shi Tennessee aka tuhume shi da safarar baƙin haure, bisa wani tsayar da mota da 'yan sandan hanya suka yi masa a ƙarshen 2022 suka sallame shi ba tuhuma. Ya musanta. Mai Shari'a Waverly Crenshaw ya ce akwai alamun cewa tuhumar ramuwar gayya ce, ya ba lauyoyi damar su tono. To, wannan ita ce hanya. In yana da laifi, a kawo shaidu, ya yi musu tambayoyi, a yanke masa abin da doka ta ce. Abin lura shi ne, gwamnatin da ta yi makonni tana cewa ba ta da ikon dawo da shi, ranar da ta so sai ga shi a jirgi. Kuma hoton hannunsa da Trump ya ɗaga wa duniya, haruffan MS13 da ke jiki da kwamfuta aka ɗora su a saman zanen yatsunsa. Irin wannan hujja tana tsayawa a gaban kyamara, amma lauya ɗaya zai rushe ta a gaban alƙali, shi ya sa masu ita ba sa son zaman kotu.

Da aka sake shi daga gidan yarin Tennessee ranar 22 ga Agusta, kwana uku ya yi da iyalinsa, ya je ofishin ICE a Baltimore kamar yadda aka umarce shi, aka sake kama shi. Lauyoyinsa suka shaida wa kotu cewa an yi masa tayi: ka amsa laifi a kai ka Costa Rica, ka ƙi a kai ka Yuganda. Ku ji yadda ake kallonmu. Costa Rica lada ce, Afirka bulala. Costa Rica ta ce a shirye take ta karɓe shi, shi ma ya yarda ya tafi can, amma aka yi ta lissafo ƙasashen Afirka. Da aka ambaci Ghana, ministan harkokin wajenta, Samuel Okudzeto Ablakwa, ya fito fili ya ce ba za su karɓe shi ba. Laberiya ta ce za ta karɓa na ɗan lokaci don jinƙai. Ranar 11 ga Disamba Mai Shari'a Xinis ta ba da umarnin a sake shi daga hannun ICE, bayan ta gano cewa babu ma cikakken umarnin korarsa a cikin fayil, ta kuma ce an ɓatar da kotu game da matsayin Costa Rica.

Wannan mutum ya yi sa'a, in ana kiran wannan sa'a. Yana da mata 'yar ƙasa, ƙungiyar ƙwadago, lauyoyi, har da Sanata Chris Van Hollen da ya hau jirgi ya je San Salvador ya nace sai da ya gan shi. Waɗanda aka sauke a ƙasarku ba su da irin wannan gata.

A farkon Satumban 2025 jirgin sojan Amurka ya sauke mutum 14 'yan Afirka ta Yamma a Ghana, da 'yan Najeriya a cikinsu da ɗan Gambiya. Shugaba John Mahama ya tabbatar da haka, ya kafa hujja da yarjejeniyar ECOWAS wadda ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba biza har kwana 90. Ranka ya daɗe, yarjejeniyar 1979 an yi ta ne don mai goro daga Kumasi ya isa Kano, ɗan Sakkwato ya sauka Kwatano da kayansa, kowa da ƙafarsa da son ransa. Ba a yi ta don wanda aka ɗaure aka saka a jirgin kaya ba. Wasu daga cikin mutanen nan, kamar yadda lauyoyinsu suka nuna wa kotu a Washington, suna riƙe da irin takardar Abrego Garcia: alƙalin Amurka ya saurare su, ya yarda cewa in an mayar da su gida za a gallaza musu ko a azabtar da su, ya hana a mayar da su. Amurka ba ta mayar da su gida ba, ta kawo su Ghana. Ghana ta ajiye su a sansanin soja, 11 daga cikinsu suka shigar da ƙara a Accra, kafin alƙali ya saurare su lauyansu ya ce an riga an kwashe su, wasu an tsallaka da su Togo. Mai Shari'a Tanya Chutkan ta ce abin ya yi kama da zagaye dokar Amurka ta bayan gida, amma hannunta a ɗaure yake tunda sun bar ƙasar. Abin da doka ta hana Amurka yi da hannunta, an yi mata shi da hannun 'yan'uwan mutanen.

Gwamnatin Ghana ta ce ba ta karɓi ko sisi ba, kuma ba ni da dalilin ƙaryata ta. Amma a watan Yuli Amurka ta rage bizar 'yan Ghana da 'yan Najeriya zuwa ta shiga ɗaya mai wata uku, a ƙarshen Satumba kuma aka mayar wa Ghana tata ta shekara biyar. Kowa ya haɗa lissafinsa. A wasu wuraren ma ba a ɓoye ba: Eswatini, wadda ta karɓi mutum biyar 'yan Vietnam, Jamaica, Laos, Cuba da Yemen ta zuba su a kurkuku, ta amsa cewa an ba ta dala miliyan 5.1. Sudan ta Kudu ta karɓi takwas bayan sun yi makonni a sansanin sojan Amurka a Jibuti. Ruwanda ta amince da har 250.

Najeriya ta ƙi. Ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ya faɗa a watan Yulin 2025 cewa ana matsa wa ƙasashen Afirka lamba su karɓi 'yan Venezuela, wasu daga kurkuku, ya ce Najeriya tana da mutum sama da miliyan 200 da matsalolin da suka ishe ta. Na ji daɗin ƙin, amma dalilin bai gamsar da ni ba. Wanda ya ce gidana ya cika, gobe in an ba shi kuɗin ƙara ɗaki, hujjarsa ta faɗi. Dalilin da ba ya sayuwa shi ne: ba ma karɓar mutumin da ba a saurare shi ba, ko ɗaya ne, ko nawa za a biya.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, mutanen zango da aka haifa a can, Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa, suka sayar da abin da suka tara a wulaƙance suka hau manyan motoci. A Janairun 1983 Najeriya ta rama da abin da ya fi haka muni, ta kori kusan mutum miliyan 2, kimanin rabinsu 'yan Ghana, ita ma da wa'adin mako biyu, har yau jakar da suka ɗauki kayansu a ciki tana ɗauke da sunan wannan abin kunya. Babu wanda ya ga alƙali a cikinsu. Malamin makaranta da ɓarawo, mai takarda da marar takarda, duk hanya ɗaya.

Amma akwai wani labari da na fi so 'yan Najeriya daga cikinku su tuna. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Chadi bisa umarnin ministan cikin gida, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa fa, ba lebura ba. Babbar kotun Maiduguri ta saurari shaidu, ta ce ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ta ba shi diyya, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tsaya a kan cewa ɗan ƙasa ne. Ya dawo gida. Tambayar da alƙali Wilkinson ya yi wa Amurkawa a 2025, mu an ba mu amsarta shekara 45 kafin nan. Duk ofishin da aka bar shi ya kori baƙo ba shari'a, ba shi da wuya ya wayi gari ya kira ɗan adawa baƙo, domin zaman kotun da aka soke shi ne kaɗai wurin da mutum zai nuna cewa shi ɗan gida ne.

Kuma sauraron mutum kafin a hukunta shi ba kayan aro ba ne daga Turawa. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci a Kano ko Zariya ya san alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya juya ga wanda hukunci zai hau kansa ya tambaye shi a gaban shaidu ko yana da sauran magana ko wata hujja. In ya tsallake wannan, kotun sama tana iya rushe hukuncin ko da kuwa daidai ne. Mai da'awa shi ke kawo shaida. A fadar hakimi ma ba a raba gardamar gona da jin bakin mutum ɗaya. Sannan ƙasashenku sun sa hannu a kan takardu. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam, wadda aka amince da ita a 1981 kuma hukumarta ke zaune a Banjul, sashe na 7 ya ba kowa haƙƙin a saurari ƙararsa, sashe na 12 ya haramta korar baƙi a jimlace. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, ta 1969 ta hana mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, yarjejeniyar hana azabtarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma haka. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce sai dai in Amurka ce ta aiko shi.

Ba na neman ku hana Amurka korar baƙi. Ƙasarta ce, dokarta ce, kuma ɗan ƙasarku da aka gama shari'arsa aka ce ya koma gida, dole ku karɓe shi, ku ma tarbe shi da mutunci. Abin da nake nema yana cikin ikonku, bai kuma buƙatar kasafin kuɗi.

Kafin jirgi ya tashi, a aiko muku da fayil ɗin kowane mutum, da sunansa, ba jimilla ba. Jami'inku ya duba ko akwai hukuncin alƙali, ko an sanar da mutumin a harshen da yake ji cewa ƙasarku za a kai shi, ko an ba shi lokaci ya ga lauya ya ce yana tsoro ko ba ya tsoro. Wannan ya ƙara zama wajibi a kanku tun 23 ga Yunin 2025, ranar da Kotun Ƙolin Amurka ta ɗage umarnin Mai Shari'a Brian Murphy wanda ya tilasta wa gwamnati ba mutane irin wannan dama kafin a kai su ƙasar da ba tasu ba. Tunda an cire shingen can, naku ne ya rage. Wanda kuma yake riƙe da takardar hana mayarwa gida, in ba za ku ba shi zama da izinin aiki ba, kada ku karɓe shi sam. Karɓarsa da safe a miƙa shi da yamma ya fi ƙin karɓa muni.

Wanda ya sauka a ƙasarku kuwa, ya shiga ƙarƙashin tsarin mulkinku daga lokacin da ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Bai yi muku laifi ba, don haka ba ku da hurumin kulle shi a barikin soja. Lauya ya gan shi, danginsa su san inda yake, in ya shigar da ƙara a bar alƙalinku ya saurare shi kafin a motsa shi ko taku ɗaya. Abin da aka yi a Accra, na kwashe masu ƙara kafin ranar zama, shi ne daidai abin da aka yi wa Abrego Garcia, sai dai wannan karon alƙalin da aka raina namu ne.

Yarjejeniyoyin kuma a fito da su rana. Ghana ta san wannan darasi fiye da kowa: a 2016 ta karɓi 'yan Yemen biyu daga kurkukun Amurka na Guantanamo, a 2017 Kotun Ƙolinta ta ce yin hakan ba da amincewar majalisa ba ya saɓa wa tsarin mulki. Canza wa takarda suna zuwa ta fahimtar juna ba ya canza abin da ke cikinta. In akwai kuɗi, ko biza, ko sassaucin haraji, a faɗa wa 'yan majalisa da talakawan da ake yi da sunansu.

Na san ba abu ne mai sauƙi ba ƙaramar ƙasa ta ce wa Washington a'a. A watan Yulin 2025 an gayyaci shugabannin Senegal, Laberiya, Guinea-Bissau, Muritaniya da Gabon zuwa White House, kuma an ruwaito cewa batun karɓar mutanen da aka kora yana cikin abin da aka nema daga gare su. Ɗaya bayan ɗaya ake bin ku, domin an san kowa shi kaɗai yana da abin da yake tsoron rasawa. Shi ya sa ban rubuta wa shugaba ɗaya ba. In matsaya ta fito daga taron ƙoli, da sa hannun kowa, shugaban Laberiya ko na Gambiya zai iya cewa ba ni na ƙi ba, ƙa'idar yankinmu ce. Ina kuma fatan shugabannin Nijar, Mali da Burkina Faso, duk da sun fice daga ƙungiyar, za su ɗauki wannan magana a matsayin tasu, domin 'ya'yansu ma suna unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York suna tuƙin tasi, suna gadi, suna kai abinci a kan keke, da yawansu takardunsu na gaban alƙali.

Roƙona shi ne ku sa wannan batu a jadawalin taronku na gaba, ku umarci Hukumar ECOWAS a Abuja ta tattaro duk wata yarjejeniya irin wannan da wata ƙasa a yankin ta ƙulla, ta kuma bi sawun mutanen da aka sauke a Ghana ta faɗa mana inda kowannensu yake a yau. Laberiya kuwa, in tayin da ta yi a kan Abrego Garcia yana nan, ta janye shi a rubuce, tunda akwai ƙasar da ta ce tana son sa kuma shi ma ya ce yana son ta.

Allah ya ba ku ikon yin adalci.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin talakawanku.